Kukan Ƙofar Fijo

Wata rana wani bawan Allah a Funtuwa, Nafi'u, ya kawo wa mahaifinsa ziyara, ya tarar da shi inda ya saba tarar da shi: cikin matacciyar Fijo 404 da ke ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida.

Motar ba taya, ba batir. Kaji sun mai da but ɗinta wajen ƙwai.

Tsohon kuwa, Malam Isyaku, ido ya tafi, ƙarfi ya ja baya. Tun rasuwar matarsa, kullum bayan la'asar sai ya lalubo hanya da sandarsa, ya zauna a mazaunin direba, ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar, ya rufe. Ya kasa kunne. Can ya sake buɗewa.

Shi Nafi'u ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, amma tsofaffin motoci ne cutarsa. Ku kun san irinsu. Mutum ya bar abincinsa ya huce saboda goge bamba. In ya ga tsatsa, ji yake kamar a fatarsa ta fito.

Ya dubi ubansa, zuciyarsa ta karye. Ya ce a ransa, Baba kewar motarsa yake yi. Wallahi kafin ƙasa ta rufe masa ido sai na mayar masa da ita yadda ya fito da ita daga kamfani.

Ya tambayi tsohon? Ina! Wai so yake ya yi masa ba-zata. Ya ce masa za a ɗan kai ta wanki ne, ya sa aka ɗora ta a babbar mota.

Wankin nan har damina ta zo ta wuce.

Amma fa a ba shi haƙƙinsa, ya yi aiki. Ya sauke inji ya wanke da hannunsa. Ya taka kasuwar Panteka neman kayan gyara har takalminsa ya cinye. Fitilar baya ɗaya tak, sai da ya aika Kwatano, don ya rantse ba zai sa jabu a motar ubansa ba. Fenti ruwan madara irin na asali. Kushin ja. Giyar nan ta jikin sitiyari tana shiga kamar ana yanka man shanu.

Duk lokacin da ya kira gida, tsohon zai ce, ba a gama wankin ba ne? Shi kuma ya yi dariya ya ce saura ƙiris.

Ranar da ya kawo ta, unguwa ta fito. Dattawa na shafa ta suna tuna zamanin da aka yi mota. Nafi'u sai fara'a, baki har kunne. Ya kamo hannun ubansa ya zaunar da shi, ya tayar da inji.

Tsohon ko ta kan injin bai bi ba.

Ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar.

Tsit.

Ya rufe. Ya sake buɗewa. Tsit, kamar an buɗe littafi.

"Nafi'u, ina kukan?"

"Wane kuka, Baba?"

"Kukan ƙofar nan."

"Ai na yi maganinsa, Baba! Hinjis ɗin da ke riƙe da ƙofar ne suka yi tsatsa. Na cire su na sa sababbi, na cika su da giris. Har abada ba za ta ƙara damunka ba."

Tsohon ya daɗe hannunsa na kan ƙofar. Sannan ya ce, murya can ƙasa:

"Tun kana goye, in na ji wannan ƙarar, to uwarku ce ta shigo. Ni ba motar nake zuwa gani ba, ɗan nan."

Jama'a, ku ce min me mutum zai ce?

Malam Isyaku mutumin da ne fa. Irin waɗanda har matansu su mutu ba su taɓa kiran sunansu a gaban 'ya'ya ba. Ta yaya zai buɗe baki ya ce wa ɗansa yana kewar matarsa? Hoto ba ya gani. Kayanta an raba wa magada. Abu ɗaya ya rage masa wanda kunne ke kamawa, shi ma ɗansa ya bi shi da giris.

Nafi'u bai tsaya cin abinci ba, ya juya Kaduna. Ya birkice garejinsa kaf. Sai ya tuna shi da kansa ya tattara tarkacen da ya cire ya ba 'yan gwangwan, don kada su ɓata masa wuri. Ya bi su har inda suke tara ƙarfe. Suka ce ai wancan lodin ya daɗe da tafiya narkarwa.

Ya dawo ya wanke giris ɗin da fetur. Ya zuba ruwan gishiri. Ya zuba yashi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙi da tsatsa, ga shi durƙushe yana roƙonta ta dawo.

Ƙofar ta yi kuka daga baya. Ya ruga ya kamo tsohon.

Malam Isyaku ya saurara, ya kaɗa kai, ya dafa kafaɗar ɗansa ya sa masa albarka. Ya ce ya gode, ya yi ƙoƙari, a mai da shi ɗaki.

Ba muryar ba ce.

Bai ƙara zuwa wajen motar ba. Yanzu in an yi la'asar, a kan tabarma yake zama, fuskarsa na kallon bango, har a kira magariba.

Motar tana nan tana ƙyalli. Masu biki na zuwa roƙon a ba su ta ɗauki amarya. Nafi'u ko makullinta ba ya iya kallo.

Darasi:

Ba duk abin da ya lalace a idonka ne yake neman gyara ba. Kafin ka kai hannu kan kayan tsoho, ka zauna ka tambaye shi, in kuma kunya ta hana shi faɗa, ka buɗe kunnenka. Mu 'ya'yan yanzu mun iya kashe wa iyaye ƙarfi da lokaci, amma zama mu saurare su shi ne ya gagare mu. Kyakkyawar niyya ba ta dawo da abin da aka narkar.

Kada ka latsa min alamar kuka ka wuce. Tura wa ɗan'uwanka, musamman wancan da ke shirin rushe ɗakin tsohuwarku wai zai yi mata na zamani.