Ƙwan Ja'afar a Injin Safara'u

Duk wanda ya san Badafi ya san Safara'u mai kaji, matar Uba manomi. Daga Ba'awa aka kawo ta, kuma cikin kayan da aka rako ta da su har da wata jar kaza a kwando, kyautar kakarta. Dangin ango suka yi ta dariya, wai amarya ta zo da ƙawa mai fukafukai. To, zuriyar jar kazar nan ce ta ɗinka wa 'ya'yanta shida kayan makaranta, masu dariyar kuwa har yau gidanta suke aikowa neman ƙwai in sun yi baƙi.

A wurin kakar ta koyi sha'anin. Ta san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, sai ta zuba ƙwai a bayan gari ta kama gabanta, don haka ake tsinto su a sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Ta san kazar da za ta yi riƙo da wadda za ta watsar. Amma abin da ta fi ji da shi a duniya shi ne walimar saukar Alƙur'ani a makarantar Malam Sulaiman. Shekara goma sha biyar ke nan, duk walima sai ta aika kaji goma sadaka, ladan na kakarta. Ba ta taɓa fashi ba, ko shekarar da ciwo ya share mata akurki.

Bara ne 'yarta Hamdiyya, mai aiki a Kano, ta kawo mata injin ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana. Akwati ne kawai mai murfin gilashi. Ka jera ƙwai, ka zuba ruwa a ɗan faranti, ka juya su safe da rana da yamma, kwana ashirin da ɗaya sai ka ji tsiu-tsiu. Safara'u ta riƙe shi kamar jariri, kajinta suka cika tsakar gida.

Da ma a kowane gida akwai mai bakin da ba ya rufuwa. Nasu shi ne Ja'afar, ƙanin Uba, mai gyaran waya a Kiru, mutum da gemunsa da 'ya'ya huɗu amma bai san inda wasa yake tsayawa ba. Wata Juma'a ya zo gida, ya zauna a majalisa yana nuna wa mutane wani bidiyo, wai masu bincike a ƙasar waje sun haɗa abu mai rai a cikin kwalba.

"Ku kuna nan kuna barci, ilimi ya kai inda zai yi rai da kansa," in ji shi. "Me ma za ku je nesa? Ga matar yayana can tana ƙera tsaki a akwati, ba uwa ba uba."

Ya faɗa ya hau babur ɗinsa ya koma Kiru. Maganar kuwa ta zauna. Kafin sati ya zagayo ta zama wai Safara'u ce da bakinta ta ce tana halitta. Matar da ko waya sai an danna mata. Mutanen da suka ci naman kajinta shekara da shekaru suka koma kauda kai in sun gan ta, ba kunya ba tsoron Allah. Da walima ta rage wata guda ta aika kajinta goma kamar kullum, sai ga su an dawo da su kafin la'asar, ƙafafunsu a ɗaure yadda ta aika.

Ba ta yi kuka ba. Ta nemi izinin Uba, ta zura hijabi, ta nufi gidan Malam. Matarsa Hindatu ta shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure.

"Allah gafarta Malam, kajina ne suka yi laifi ko ni?"

"Uwar Hamdiyya, ni ban ce haram ba ne," in ji Malam Sulaiman. "Amma iyayen yara suna magana, kuma ni ban taɓa ganin abin ba. Naman da za a ci kan karatun Alƙur'ani ba na so a ci shi da kokwanto."

"Zabin da ke yawo a gidan nan, wa ya ƙyanƙyashe su?"

"Kaza mana."

"Ta taɓa cewa ita ta halicci zabo?"

Hindatu ta tuntsire da dariya a bayan labule. Malam ya yi gyaran murya ya ce ai kaza halittar Allah ce, inji kuwa ƙirar mutum. Safara'u ta ce to a gwada: Malam ya ba da ƙwai daga akurkin gidansa, Ja'afar da ya tayar da maganar shi ma ya kawo nasa, a sa a inji ɗaya, kowa ya gani da idonsa. Sauran kwana ashirin da takwas walima, lokaci ya isa.

Hindatu ta kawo ƙwai goma sha biyu, ƙanana, da ɗan kashin kaza a jiki. Ja'afar kuwa ya iso da kiret guda na ƙwai talatin ɗaure a bayan babur, manya-manya masu sheƙi, irin na gidan gona da masu shayi ke soyawa.

"Matar yaya, na zaɓo miki na zamani. Waɗannan 'yan ƙwayayen na ƙauye ai sai su ba injin kunya."

Safara'u ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu. Ta san kajin gidan gona a keji suke tun suna tsaki, ba su taɓa haɗa ido da zakara ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sannu da ƙoƙari, maigida ƙarami." Ta sa wa na Malam alama da gawayi, na Ja'afar da jan farce, ta rufe murfi. Duka ta juya su sau uku a rana, ba ta nuna bambanci ba.

Ranar ashirin da ɗaya, da hantsi, tsakar gidan Uba ta cika. Har Malam ya zo da sandarsa. Masu alamar gawayi goma sun fashe, 'yan tsaki jiƙe-jiƙe suna tangaɗi. Talatin ɗin Ja'afar suna nan jere kamar ranar da aka sa su.

"A ƙara musu kwana biyu, manya ne," in ji Ja'afar.

"A ƙara musu shekara ma," in ji Safara'u. "Fasa ɗaya ka gani."

Ya fasa. Warin baragurbi ya kori rabin taron zuwa ƙofar gida, shi kuma ya tsaya da hannu a sama yana neman ruwa.

"Ɗumi kawai akwatin nan yake bayarwa, irin na cikin kaza," ta ce. "Abin da ba a sa masa rai ba, ko wuta ka hura masa ba zai motsa ba. Kai da 'ya'ya huɗu, sai na yi maka bayanin aikin zakara?"

Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ja'afar bai saduda ba, yana goge hannu da ƙasa ya ce ai su waɗancan na bidiyon sun yi da gaske.

"Da me suka yi?" Malam ya tambaye shi.

"Da sinadarai, Allah gafarta Malam."

"Su suka yi sinadaran?"

"A'a, samunsu suka yi."

"To, ko gobe suka fito da abu yana tafiya, da kayan Mai kaya suka yi, da kan da Ya ba su. Wannan ba zai hana ni barci ba." Malam ya juya wajen Safara'u. "Ni ma da laifina. Na dawo da sadaka kan maganar majalisa. Ki yafe, Uwar Hamdiyya."

Ta ce ta yafe, amma ita ba za ta sake aikawa ba, wanda ya jawo aka dawo da su shi zai mayar. Haka Ja'afar ya ɗaura kaji goma a babur, suna kuka yana tuƙi, ya ratsa ta gaban majalisar da ya yi surutun.

Ran walima an ci an siɗe. Waɗanda suka fi kauda kai su suka fi miƙo kwano. Safara'u tana bakin murhu tana raba romo sai Hindatu ta matso da ƙwarya lulluɓe da tsumma, ta ce Malam ne ya aiko, ƙwan zabi ne ashirin, wai ko akwai wuri a akwatin.