Hotunan da na rataya a falo

Shekarun baya, lokacin da na biyo maigidana London, ban san kowa ba sai wata tsohuwa Baturiya da ke zaune a flat ɗin ƙasanmu. Shi kullum yana asibiti wurin aiki, ni kuma ina gida ina kallon bango. Tsohuwar nan ce ta koya min hawa tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita ta raka ni council, ofishin ƙaramar hukuma, ita ta zauna da ni ranar da na yi ɓari. Mama nake ce mata, kuma har zuciyata uwa na ɗauke ta.

Ni 'yar soja ce. A gidanmu hoton mai kaki ado ne, falon mahaifina cike yake da su. Wata Asabar a kasuwar Deptford na tarar da wani mai tsofaffin kaya ya baza hotuna baƙi da fari, har da firam. Na zaɓi uku, duk na mutum ɗaya, wani hafsa da lambobin yabo reras a ƙirji. A ɗaya yana aske gemu, ya rataya madubi a bishiya. A ɗaya yana wasa da kare. A na ukun ya ɗora wata yarinya a cinya yana fere mata tuffa, yana dariya. Mai kayan ya ce na Jamus ne, lokacin yaƙi. Na ce to madalla, mu da muka tashi da jin kayan Jamus sun fi na kowa ƙarko. Ni da digirina, wallahi abin da na sani game da yaƙin Hitila bai wuce an kwashi kakanninmu zuwa ƙasar Bama ba. Na rataya su a falo, maigidan ma kallo ɗaya ya yi musu ya ce sun yi kyau.

Ranar ƙaramar Sallah, da muka dawo idi daga masallacin Regent's Park, na ce bana ba zan aika wa Mama abinci a kwano ba, sai ta hau ta ci a falona. Ba ta taɓa hawowa ba saboda ciwon gwiwa. Na riƙo ta, da sandarta, mataki ɗaya bayan ɗaya. Na zuba mata waina da miyar taushe. Ta ɗauki cokali ke nan ta ɗaga kai.

Sai ta ajiye cokalin, idonta a kan hotunan. Ta ce, "Waye wannan a wurinki?"

Na ce, "Ba kowa, Mama. A kasuwa na saya, kyau suka yi min."

Ta miƙe da ƙyar ta matsa kusa, ta nuna min hular da ke ajiye gefensa. Ashe ɗan abin da ke jikin hular hoton ƙoƙon kan mutum ne, ni ban taɓa lura ba. Ta ce ita Bayahudiya ce, tana shekara shida masu irin wannan hular suka zo unguwarsu suka tafi da mahaifiyarta da ƙanenta. Ita ta tsira ne don wata maƙwabciya ta damƙe hannunta ta ce 'yarta ce. Ba wanda ya dawo.

Da na yi shiru a nan da ya fi. Amma bakina, kaico! Don in gyara sai na ce, "Wataƙila shi wannan ba ya cikinsu, Mama. Dubi yadda yake son yara."

Ta dube ni, ba faɗa ba tsawa. Ta ce, "Wanda ya zo gidanmu ma sai da ya shafa kaina. Ya ce gashina yana da kyau."

Ta ƙi in riƙe ta, ta sauka ita kaɗai. Ina tsaye ina jin ƙarar sandarta har ta rufe ƙofa.

A ranar na yayyaga hotunan. Washegari na sauka na durƙusa a gabanta kamar yadda zan yi wa mahaifiyata, ina kuka ina ba ta haƙuri. Ta ruɗe, ba ta saba ganin babba a ƙasa ba, ta ce in tashi. Ta ce ta san ban sani ba, ta yafe. Mun ci gaba da gaisawa, ina kai mata abinci tana karɓa, amma hirar nan tamu ta mutu. Ba ta sake hawa sama ba har ta rasu bayan shekara biyu.

Daga baya na karanta abin da ya kamata in sani tun farko, kisan kiyashin da sojojin Hitila suka yi wa Yahudawa. Yanzu ba na rataya fuskar da ban san mai ita ba. Amma abin da ke ci min rai har yau daban ne. Wata uku ina goge wa mutumin nan ƙura duk Asabar, ina jin daɗin murmushinsa. Na san abin da masu irin kakinsa suka aikata, na yi ta ƙoƙarin in tuno shi da fuskar mugu, abin ya gagara. Duk sanda ya faɗo min a rai, mutumin kirki nake gani yana fere wa 'yarsa tuffa.