Rwabukuru da Dangin Shanunsa

A Kiruhura kowa ya san Rwabukuru, ko da yake shanunsa ba su fi na maƙwabta yawa ba. Asalinsu ne ya haddace. Nuna masa maraƙa, zai faɗa maka uwarta da kakarta da bijimin da ya haifi kakar, har da halin kowacce: wadda ke harbin mai tatsa, wadda ta taɓa cinye hular fasto. Amma in ka tambaye shi sunan kakan ubansa, sai ya waiga ya kalli matarsa Kyomugisha.

Ɗansa Tumusiime, wanda ya karanci kiwo a Mbarara, ya taɓa gaya masa cewa Turawa na da kalma ɗaya, fedigiri, ta rubutaccen asali, na mutum ko na dabba.

"Kalma ɗaya?" in ji tsohon. "Ashe suna da tarbiyya. Ba su raina saniya ba."

Da Tumusiime ya sami matar aure, aka ɗunguma gidan uban yarinyar, Kanyamurwa. Kafin a sha nono sai uban ango ya jero zuriyarsa, kada a haɗa jini ɗaya. Tun a hanya Kyomugisha ta yi ta yi masa bita. Rwabukuru ya faɗi ubansa, ya faɗi kakansa, da ya zo kan kakan ubansa ya ɗan yi tari.

"Shi kuma ɗan Bihogo ne, mai karyayyen ƙaho."

"Surukina," in ji Kanyamurwa, "ɗayan ƙahon fa, kai ka gada?"

Aka bushe da dariya. Wani kawu ya ƙarasa jerin, aka tabbatar ba dangantaka. Tumusiime ya yi ajiyar zuciya.

Sai aka fita ganin garken Kanyamurwa, inda shanun sadakin za su shiga, cikinsu har da Gaaju, karsanar da Rwabukuru ya fi so. Nan ya yi ido huɗu da bijimin gidan.

"Wannan ɗan wa?"

"Ɗan Kyozi, ta Rushere."

Rwabukuru ya ɗora hannu a ka. "Ƙanin uwar Gaaju! Ku haɗa ta da kawunta? An fasa!"

"Baba, ni zan yi auren nan, ba Gaaju ba!"

"Rufe mini baki. Kai ai an bincika naka."

Aka ce ya musanya ta da wata, ya ce ba ya kai wa surukai zaɓi na biyu. Ya zauna bisa turke, ya juya wa nono baya. Tumusiime kamar ya yi kuka.

Kanyamurwa ya share hawayen dariya ya ce, "To, dattijo, bijimi ya koma garken ƙanina, bayan tudu. Ka yarda?"

Rwabukuru bai yarda da kowa ba. Da kansa ya raka bijimin, cikin kwat ɗin aro, yana ba shi haƙuri har suka ɓace. Da ya dawo, kashin shanu har gwiwa, ya karɓi nono ya shanye, ya ce a sa rana.