Muryar da Dotto Ba Ta Saurara Ba

Kafin motar farko ta sauke masu kifi a Kirumba, unguwarmu ta nan Mwanza, Dotto Masanja ta riga ta ɗage ƙofar shagonta. Takan share gabansa, ta ajiye shayi da mandazi, fanken garinmu, a gefen tebur, sannan ta kunna tsohuwar kwamfutar da take kira asibiti. Duk filashin da ya shigo shagon, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a kwashi bayanai, ko na fasto ne, sai ya bi ta asibitin nan tukuna. Mu mutanen Mwanza kuwa yawo muke da filashi a aljihu kamar makullin ɗaki. A zuba waƙa a wannan shago, fim a wancan, hotunan biki wajen mai hoto, a dawo gida a cusa wa kwamfutar iyali, a ce kuma ba a san inda cuta ta fito ba.

A ƙarshen watan nan Dotto za ta rufe shagon, idanunta sun gaji, za ta koma gonarsu a Magu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Amma ba a ba da labarin Dotto a tsallake mutumin da ke tsaye tsallaken titi kowace safiya, ya harɗe hannuwa yana kallon layin da ke ƙofarta.

Kulwa ke nan, ɗan tagwaicinta. Sunayensu ma sun faɗa: shi ya fara zuwa duniya, ita ta biyo baya, kuma har yau bai yarda ta kira shi da wani suna ba sai Yaya. Wajen maigida ɗaya suka koyi gyaran kwamfuta. Shagonsa ya fi nata girma, da gilashi, da kwalayen manhajar tsaro masu ƙyalli jere a kanta. Duk da haka in baƙo ya tambayi inda yake, sai a ce, "Au, ɗan'uwan Dotto?" Wannan kalma ta daɗe tana ci masa rai, kuma fuskarsa ba ta iya ɓoyewa.

Abin da ya fi ƙona shi shi ne yadda take zaɓa wa mutane manhajar tsaro. Na taɓa gani da idona, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa Baba Mabula ya dire mata kwamfutar jikokinsa.

"'Yata, sa mini masu gadin nan guda uku. Ba na son wasa."

"Baba, in ka ɗaure karnuka uku a tsakar gida ɗaya, ɓarawo za su kama ko junansu?"

"To biyu."

"Ɗaya. Shi ma wanda kwamfutar ta zo da shi ya ishe ka, in dai za ka bari ya riƙa sabunta kansa. Kuma ka gaya wa jikokin nan, duk tagar da ta faɗo a fuskar kwamfutar tana ihu wai an kamu, a danna nan, ita ce ɓarawon."

Takan duba shekarun na'urar, ta tambayi wa ke taɓa ta da abin da ke ciki, kafin ta buɗe baki. Mai tsohuwar kwamfuta ba ta ɗora masa abin da zai shaƙe ta. Mai yara takan nuna masa yadda zai raba musu nasu ɓangaren. Kowa kuma sai ta sa shi ya ajiye kwafin abin da yake so a wani wuri dabam. Kulwa yana jiyo wannan daga tsallake, sai ya ja tsaki ya ce mace tana korar ciniki da bakinta, wai ita ga waliyyiya.

Dotto, ke ce mai rufe ido a ɗakin da aka ba ki makullinsa. Sirrin rabin Kirumba ya bi ta teburinki, hotuna da saƙonni da takardun asibiti, ba wanda ya taɓa jin nasa a bakin wani. Mama Nkwimba shugabar mawaƙan coci ta shaida, malaman makarantar firamare sun shaida. Ba kya buɗe abin da ba a ce ki buɗe ba.

To akwai abu ɗaya da Kulwa yake da shi wanda Dotto ba ta da shi. A jinyar mahaifiyarsu ta ƙarshe, ranar da Dotto ta tafi neman magani, tsohuwar ta ɗan ji sauƙi ta rera waƙar da take yi musu suna yara, Kulwa ya ɗauka a waya. Ita kaɗai ce muryarta da ta rage a duniya. Ya juye ta a kwamfutarsa ta gida, wayar ta lalace daga baya, ya ƙi yin kwafi don kada ya kai ga hannun da ba ya so. Dotto ta roƙe shi sau ɗaya bayan an share makoki.

"Yaya, ko sau ɗaya in ji."

"Ni ta yi wa. Ke ai kin samu duk garin nan, ki bar mini wannan."

Ba ta sake tambaya ba.

Kwamfutar nan kuwa ya kafa mata tsaro irin wanda Dotto ta hana, don kawai ita ta hana. Ya sa manhaja uku, suka yi ta kokawa da juna har na'urar ta koma tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Wata Asabar da hantsi taga ta faɗo, ja wur, tana cewa akwai cuta, a danna a wanke. Kulwa ya san irinta sarai, ya sha gargaɗin masu saye a kanta. Amma ya gaji da nauyin na'urar, ga shi ya yarda cewa da masu gadi uku ba abin da zai wuce. Ya danna. Ta wanke ɗin kuwa, ta share komai, har da muryar.

Ya kwana biyu yana fama shi kaɗai, ya ƙi cin abinci. Matarsa Kabula ta ajiye masa tuwon masara da kifi, ta tsaya a kansa.

"Baban Shija, titi ɗaya ne fa tsakaninku."

"Ki rabu da ni."

"Na rabu da kai. Ka zauna da girman kanka, shi zai rera maka waƙar."

Da safe muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Kulwa ya rungumo kwamfuta ya tsallako titi, ya bi layi kamar kowa, fuska a murtuke. Da ya iso gabanta bai gaishe ta ba.

"Kada ki yi mini wa'azin karnuka."

"Ban ce komai ba, Yaya. Ka rubuta wani abu a kanta tun da abin ya faru?"

"Na gwada wasu abubuwa."

Ta san kowane gwaji yana binne abin da aka goge ne. Ta ce ba ta yi alkawari ba. Ta cire faifan ajiyar kwamfutar, ta sallami sauran mutane, ta duƙufa da idanun nan nata da likita ya ce ta hutar. Kulwa ya koma shagonsa yana leƙe ta gilashi. Tsoro biyu ke cinsa: kada muryar ta ɓata, kada kuma ta dawo Dotto ta ji. Har ya fara raya wa kansa cewa da ma abin da take jira ke nan.

Kwanaki suka wuce, sannan ta tsallako da filashi a hannu.

"Da yawa sun tafi. Na sauti da suka dawo duk suna nan, ba suna a jikinsu. Ka duba da kanka ko tana ciki."

"Ke ba ki duba ba?"

"Ka ce taka ce."

Tana ciki. Kulwa ya saurara a bayan kantar shagonsa, ya fito ido jajur, kuma abin mamaki haushinta ya ƙara ji. Ya gaya wa Kabula cewa da ta saurara ta saci kwafi, da ya samu abin riƙewa a kanta. Ko wannan ta hana shi.

Ranar Lahadin da ta wuce muka haɗa mata walimar ban kwana a gaban shagon, da gasasshen kifi da lemo. Ana cikin jawabai Kulwa ya miƙe, ya karɓi lasifikar mawaƙan coci, ya soka filashi.

"Ba yabonta na zo yi ba, kun isa," in ji shi. "Ke, zauna ki ji."

Muryar tsohuwa ta fito, siririya, tana rawa. Ta yi baiti ɗaya, sai ta tsaya. Muka ji ta ce, "Kulwa, ina Dotto? Ba ta dawo ba? Bari ta zo, ba na rera wa ɗaya in bar ɗaya." Sautin ya ƙare a nan.

Dotto ta kife fuskarta a cinyar Kabula. Kulwa ya tsaya ƙiƙam, yana kallon ƙasa.

"Kin ji," ya ce. "Ko ranar da nake ni kaɗai a gabanta, ke take nema."

Dotto ta ɗago. "Da ni ce a gabanta, Yaya, kai za ta nema. Sake sa mana, yanzu ai mun cika."

Mun gode, Dotto, 'yar Masanja. Masu gyaran da ke tasowa, ku koyi zaɓa wa mutum abin da ya dace da shi, ku koyi kau da ido daga abin da ba naku ba. Ke kuma ki sauka Magu lafiya, Allah ya hutar da idanun nan. Filashin yana cikin jakarki, Kulwa da kansa ya sa shi, bayan ya yi kwafi biyu yana ƙunƙuni wai ba don kin faɗa ba ne.