Filon da Ya Gagari Goggo

Shekara ashirin da shida ta yi tana kula da ɗakunan wani ƙaramin masauki mai hawa biyu da ke bayan tashar mota, har sunanta na ainihi ya ɓace, kowa ya koma kiranta Goggon Filo. Da goyo a bayanta ta shiga aikin. Da tsintsiya ta fara, daga baya aka damƙa mata makullin ɗakin ajiyar zannuwan gado. Mace ce gajera marar yawan magana, amma hannunta ba ya wuce filo bai matsa shi ba, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa.

Tana da nata gwajin. Sai ta cire wa filo riga, ta ninke shi biyu, ta saki. In ya miƙe da kansa, da sauran ransa. In kuwa ya zauna a ninke kamar wanda aka yi wa faɗa, to ya gama aiki. A wurinta filon soso shekara biyu ne, na auduga kuma in ana shanya shi a rana ana bubbugawa yakan kai uku. Kowanne da watan da aka kawo shi rubuce da biro a gefen ɗinki.

"Baƙo zai yafe miki labule mai ƙura," takan ce wa sababbin ma'aikata, "amma ba zai yafe miki wuyansa ba."

Manajan masaukin ya sha yi mata gardama. "Goggo, wannan ai fari ne tas, me ya yi?"

"Ranka ya daɗe, farin ne kawai ya rage masa. Kwanta a kai ka ji."

Bai taɓa kwanciyar ba. Sai dai ya ɗaga hannu ya ce ta yi yadda ta ga ya dace.

To amma mai dokar barci shi ke ɓigewa da gyangyaɗi. A cikin gidanta akwai filon da ya gagare ta, na maigidanta ne, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi saboda ido. Filon ya yi fiye da shekara ashirin a bayan kujerar mota kafin ya biyo shi gida. Ya shafe ya zama kamar burodin da aka zauna a kai, launinsa kuwa na shayin da ya kwana. Sau uku tana kawo masa sabo, sau uku tana tarar da sabon a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Wannan ya san kaina," yakan ce. "Sabo sai na koya masa tun daga farko, ni kuwa na tsufa da koyarwa."

Ana nan wuya ya fara riƙe masa. Da safe in an gaishe shi daga gefe, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar mota mai tirela. Ga atishawa kullum da ya farka. Wata Asabar babbar 'yarsu, wadda ke aikin jinya, ta zo gaishe su ta lura.

"Baba, tun yaushe wuyan nan yake haka?"

"Sanyi ne, zai wuce."

Ta leƙa ɗaki, ta fito da filon riƙe da yatsu biyu. "Umma, ke da kike koya wa mutane, wannan fa?"

"Ga mai shi nan zaune, tambaye shi."

Mai shi kuwa ya miƙa hannu ya karɓi abinsa, ya ajiye a cinya, ya sauya zance.

Goggo ta san in ta jefar da shi a ɓoye ba zai yi faɗa ba. Shiru zai yi mata, shirun da ya fi faɗa ciwo. Don haka washegari bayan karin kumallo ta shimfiɗa tsohuwar jarida a tsakar gida, ta ɗauko almakashi.

"Malam, zo mu duba cikinsa tare. In lafiyarsa lau, na mayar na ɗinke, ba ka ƙara jin bakina."

Ya jawo kujera ya zauna. Ta farke ɗinkin a hankali. Abin da ya zubo ba ya kama da auduga, dunƙule-dunƙule ne masu ruwan toka, ƙura na tashi daga cikinsu. Ya ɗauki guda ya matsa, ya ƙi matsuwa. Ya yi atishawa sau uku a jere.

"Ashe a kan tsakuwa nake kwana," ya ce, ya yi 'yar dariya. Sai kuma ya ɗauki ƙyallen da ya rage fayau, ya shafa shi a gwiwa. "Ni ba cikin ne ya dame ni ba. Ke kika ɗinka min shi, ranar da zan fara tafiyar nesa. Kin manta?"

Ta manta ɗin kuwa. Duk tsawon shekarun nan zato take a hanya ya saya. Ta karɓi ƙyallen ta duba gefen da ba ta farke ba, ga ɗinkin hannu nan a karkace, wani babba wani ƙarami. Nan ta tuna yadda ta yi shi da gaggawa, yaro na kuka a baya, mota na jira a bakin titi.

"Dubi ɗinki kamar sawun kaza," ta ce, tana goge ido da bakin ɗankwali. "Da ka faɗa tun tuni, ai da wuyanka bai sha wuya ba."

"Ba ki tambaya ba. Sababbi kawai kike kawowa."

Ta wanke ƙyallen ta shanya, da yamma ta cika shi da sabuwar auduga, shi yana gefe yana dannawa yana cewa a ƙara, a rage. Kwana huɗu ya yi yana mita wai ya yi tudu da yawa. A na biyar ta gaishe shi daga bakin ƙofa, ya waiwayo da kai kaɗai. Ta ajiye masa shayinsa.

Tun daga nan ya zama malamin filo a wurin hirarsu ta dattawa. Duk wanda ya koka da wuya, sai ya tambaye shi shekarun matashin kansa. Ba a jima ba matan unguwa suka fara zuwa ranar hutun Goggo, kowace da filo biyu ko uku a hammata, a duba musu. Shi ke riga ta yanke hukunci, kuma rabin hukuncin nasa ba daidai ba ne. Takan bar shi ya gama bayaninsa, mata na gyaɗa kai. In ya tashi ya shiga ɗaki, sai ta jawo filon ta gaya wa mai shi gaskiya ƙasa-ƙasa.