Aron Takardar Hashimu

Saura kaɗan in fasa ba ku labarin nan. Na ce a raina, samarin yanzu ko ubansu ne ke magana rabin kunne suke ba shi, balle tsohon ɗan kaso. Amma abin ya daɗe a ƙirjina, kuma na gaji da dakonsa. Ku dai zauna.

Ni mutumin Roni ne. A aji uku na bar makaranta, ba don talauci ba, tsabar ƙiwa ce. Baki kawai Allah ya ba ni. Farkon ɓatana a wurin lodin gyaɗa ne a Kazaure. In ana kiran sunan leburori da safe, wanda bai zo ba sai in sauya murya in amsa masa, daga baya ya saya min tsire. Ana dariya, ina dariya. A nan na saba amsa sunan da ba nawa ba, ko gezau.

Ina da aboki, Hashimu, ɗan wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Shi ya gama aji bakwai. Innarsa awakinta ta yi ta sayarwa har ya gama, takardar shaidar kuwa ita ta naɗe ta a ƙyallen saƙi ta ajiye a ƙasan kwalla. Lokacin an gama yaƙin basasa, arzikin mai ya fara zuba, kamfanoni na ta shimfiɗa titi. An ce duk mai takarda ya zo.

Na ce, "Hashimu, ara min takardar nan in kai Kano in nuna wa wani ubangidana. Sati guda in dawo maka da aiki."

Ya ce, "Kai dai da baki! To riƙe ta da kyau, ran Inna ce."

Da niyyar alheri na tafi, ko in ce haka nake gaya wa kaina. Da na tsaya gaban akawun kamfanin, ya duba takarda, ya ɗago kai ya ce, "Kai ne Hashimu?" Takardun lokacin ba hoto. Sai na ji bakina ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Na dawo na ce wa Hashimu takardar ta faɗi a mota. Ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri. Kada dai Inna ta ji." Bai kuwa gaya mata ba. Da kaka ta wuce ya ce wa ita da matarsa Dije zai tafi neman aiki duk inda Allah ya yi. Ya bi fataken shanu ta Babura ya tsallaka Nijar. Fari ya rutsa da su a can, shanu suka ƙare. Kunya ta hana shi dawowa hannu rabbana, ta kuma hana shi aike.

Ni kuwa ga ni mai kula da sito, da agogo a hannu. Na ga Zariya, na ga Jos, na ga Makurɗi, duk da sunan Hashimu. Buhun siminti ɗaya na fara fitarwa, don in ga ko za a lura. Ba a lura ba. Shekara biyu sai ga shi da mota ake zuwar min ɗibar simintin. Daga nan aka ce masu bincike na tafe.

A satin ne motar da ke kai mu wurin aiki ta faɗa kogi daga kan gada, da damina. Ya kamata a ce ina ciki, shayi ne ya makarar da ni. Wasu gawarwakin ba a gan su ba. Ina tsaye cikin taro ana salati, Shaiɗan ya raɗa min: in Hashimu ya mutu, bincike ma ya mutu. Ko ɗakina ban koma ba. Akwatina na can, takardar na ciki.

Ban san kamfani zai aika masinja da akwatin har ƙauyen da ke rubuce a takarda ba. Ko in ce ban so in sani ba. Inna ta buɗe ta ga ƙyallen saƙinta da ta ƙulla da hannunta. Wa zai sake tambaya? Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi arba'in. Dije ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga baya ta auri wani mai gyaran keke. Inna kuwa duk Juma'a sai ta soya waina ta raba don ɗanta, har ta rasu.

A tashar mota a Kano dubuna ta cika. Ina shan fura, sai ga heluma, wato shugaban leburorin kamfanin. Ya ja da baya yana salati, sannan ya matso ya damƙi rigata ya ce, "A'a, fatalwa ba ta shan fura!" Shekara biyar alƙali ya yanka min, da sunana na gaskiya. Sunan ya yi min baƙo a kunne.

Kaso ba sai na ba ku labari ba. Wake da ƙwari, bargo da ƙwarƙwata. Abin da zan gaya muku, samari, na ga 'yan uwanku yanzu suna sa hannun wani a takarda, suna zana wa wani jarrabawa, suna karɓar abu da katin wani, wai ai takarda ce kawai, ba wanda aka daka. Ni ma ban daki kowa ba. Bayan kowane suna akwai uwa, akwai mata, akwai gida. In bakinka ya fara cewa "ni ne" a inda ba kai ba ne, ka cije shi tun da wuri.

Da na fito, na yi wata uku ina kewaya Gwiwa ban shiga ba. Ranar wata kasuwa na daure. Na sami Hashimu a gefen kara, wurin cinikin dabbobi, yana sayar da igiyar shanu, gemu ya fara furfura. Na durƙusa a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Mai baki, yau kuma ina bakin?"

Shi ya ba ni sauran labarin, yana tufka, kamar na wani yake bayarwa. Ranar da ya dawo, mata suka watse daga bakin rijiya. Aka nuna masa kabarin Inna. Ya ga Dije da goyo. Alƙali ya ce auren farko yana nan, in yana so a mayar masa da ita. Hashimu ya ce shi dai ya dubi jaririn, sai ya sauwaƙe mata.

Na ce, "Hashimu, ka yafe min don Allah."

Ya ce, "Nawa na yafe tuni, ɗaukarsa nauyi gare shi. Na Inna kuwa sai kun haɗu." Ya ƙarasa ƙullin igiyar, ya ajiye ta, sannan ya ce, "Abu ɗaya dai nake ta son tambayarka. Aro ka ce. Ka ci da shi, ka sha da shi, ban hana ba. To da ka gama da sunan, me ya hana ka dawo min da shi da ransa?"