Mutum Ɗaya Ne Ya San Ɗakin

Tun ina sakandare a Zariya na kamu da son littattafan 'yan leƙen asiri, irin tsofaffin nan na Turanci da ake bazawa a kan buhu a bakin tasha, bango ya yage, takarda ta yi ja. Da zan taho Riyad aikin tuƙi, matata ta cika mini jaka da yaji da kuka da kilishi, ni kuma na rage kayan sawa na cusa littattafai. Ta ce mutane na tafiya ƙasa mai tsarki da carbi, ni na tafi da maƙaryata.

Ba harbe-harbe ke burge ni a cikinsu ba. Abin da nake so shi ne mutumin da ake ba da labarinsa: gajiyayye, mai tsohuwar riga, wanda ke tsaye a bakin iyaka wani jami'i yana jujjuya takardarsa. Manyansa suna can a ofis mai sanyi, wataƙila ma sun riga sun sayar da shi. A Zariya na ɗauka duk ƙirƙira ce. Ranar da ɗan sanda ya fara tsayar da ni a hanyar unguwar Nasim, na miƙa masa iƙamata, katin zaman ƙasa, ya yi ta kallonta yana kallona, sai na gane marubutan nan sun san abin da suke faɗa.

A unguwar Jaradiya na haɗu da wanda ya zama yayana a garin, wani mutumin Gusau mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ya girme ni sosai, Yaya nake kiransa, shi kuma ba ya kirana da komai sai Bazazzagi. Ba ya karanta Turanci, amma finafinan da aka yi daga littattafan nan ya san su kamar ɗakin kwanansa. A lokacin babu gidan sinima ko ɗaya a Riyad. Faifai yake samowa a kasuwar Batha, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu taru a ɗakinsa, mu da wasu 'yan gida leburori da direbobi, a ci shinkafa kabsa a faranti ɗaya, a kunna.

Nan ne gardama take kaurewa. Da an gama fim sai in ce sun lalata littafin. Sun ɗauki mutum mai ciwon ciki da bashin barci sun mai da shi kyakkyawan saurayi mai tsalle daga jirgin ƙasa ba tare da hularsa ta faɗi ba. Sun kuma ba maci amanar mummunar fuska, yadda ko yaro zai nuna shi da yatsa.

"Kai Bazazzagi, ka bar mu mu sha iska," in ji Yaya. "Duk sati kafil, ubangidana, na zare mini ido, ran Juma'a ma sai na kalli mai ciwon ciki? Ni wanda ke komawa gida lafiya nake so."

"Yaya, a littafi ba haka yake ba. Maci amana ba baƙo ba ne. Shi ne wanda ke zuba maka shayi, wanda ka fi yarda da shi. In an kama shi kuma rantsuwa yake fara yi, har da hawaye."

Sai ya ɗaga kofinsa ya kalle ni, don ni ke zuba shayin, a yi ta dariya. Amma yana sauraro. Bayan kowa ya watse yakan ce in ba shi labarin yadda littafin ya ƙare, in yi ta fassara masa da Hausa har la'asar ta yi sanyi. Na koya masa yadda ake gane ana bin mutum, da yadda ake tabbatar da baƙo ya yi nisa kafin a nufi gida. Wasa ne a wurinmu. Ban taɓa samun mai saurarona kamarsa ba, kuma ina sonsa so na gaskiya, har yau ba na jin kunyar faɗa.

Sai shekarar da aka tsananta a kan masu matsalar takardu ta zo. Yaya ya yi saɓani da kafil ɗinsa, wato mutumin da ya ɗauko shi aiki, shi kuwa kafil ɗin ya je ya rubuta ƙara cewa Yaya ya gudu. Hurub suke ce wa abin. Daga ranar, mutumin da ya yi shekaru yana sanyaya wa mutane gidaje ya zama wanda ake nema. Wani ya yi alkawarin shiga tsakani a janye ƙarar, abin da ake buƙata kawai shi ne Yaya ya ɓace daga idon jami'an jawazat, masu duba takardu, har a daidaita. In aka kama shi kafin nan, tarhil ne, gidan da ake tara waɗanda za a kora, daga nan sai jirgi.

'Yan ɗakin suka ce ya riƙa kwana yau nan gobe can, kamar yadda kowa ke yi. Ni na hana. Na ce haka ake kama mutane, baki ya yi yawa. A littattafan da suka san aikinsu, mutum ɗaya tak ke sanin inda aka ɓoye wani. Maigidan da nake yi wa tuƙi yana da wani gini a Nasim, a samansa akwai ɗakin mai gadi da ba kowa. Na kai Yaya can, na ƙi gaya wa kowa, har ɗan ƙauyensu da ya yi fushi ya daina gaishe ni.

"To, Bazazzagi, yau ga mu a littafinka," in ji shi, yana shimfiɗa darduma. "Allah Ya sa ba irin mai mugun ƙarshen nan ba ne."

Ina kai masa abinci da rana in na sauke yaran maigida daga makaranta, ina zagaye-zagaye da mota kafin in tsaya, ina jin kaina wani gwani. Wata Talata na hau da ledar burodi da madara na tarar da ƙofa a buɗe. Butarsa na nan, takalmansa na nan, shi babu. Mai kantin da ke ƙasa ya ce da hantsi aka zo da motoci aka tare titin ta kai da gindi, aka bi gini gini. Sun tafi da mutane da yawa, 'yan Habasha, 'yan Yaman, har da wani tela.

Abin da ya faru ke nan. Babu wanda ya sayar da kowa, shara aka yi, ta haɗa da shi. Amma je ka gaya wa mutanen da suka yi shekaru suna kallon finafinan leƙen asiri, ina zaune a gefe ina koya musu cewa kamu ba ya zuwa haka kawai. Juma'ar da ta biyo baya na shiga ɗakin Jaradiya, hira ta ɗauke. Ɗan ƙauyen Yaya ya tambaye ni a gaban kowa:

"Malam, mu dai ba mu san ɗakin ba. Wa ya sani?"

Na ce ni. Ya ce khalas, shi ke nan, shi ba shi da sauran tambaya. Wani ya tuna ginin na maigidana ne, wani ya tuna iƙamata ba ta taɓa samun matsala ba. Na ɗauki buta zan zuba shayi, kowa ya kife kofinsa. Baƙin cikin da na ji ranar ban ji irinsa ba ko da mahaifina ya rasu ina nesa, domin rasuwa ba ta zuwa da zargi.

Na nemi ganinsa a tarhil ban samu ba. Bayan an mai da shi gida na yi ta kira, wayar na shiga ba a ɗauka. Shekaru suka wuce, aka buɗe sinima a Riyad, har aka kawo sabon fim na ɗan leƙen asiri. Na je ni kaɗai na zauna cikin sanyi da samari masu cin guggurun masara. Jarumin ya koma gida lafiya, ko ƙura bai kwasa ba. Na fito ina jin haushin fim ɗin, ina jin haushin littattafan ma, waɗanda duk gaskiyarsu ba su taɓa yarda cewa wani lokaci babu mai laifi ba. Duk da haka ina karanta su har yanzu, ban iya bari ba.

Da na samu hutu na tafi Gusau takanas. Na same shi a wani shago yana gyaran firji, gemu ya yi fari. Ya tashi ya ba ni hannu, ya ba ni benci, ya aika aka kawo fura mai sanyi. Bai ce Bazazzagi ba, Alhaji ya kira ni. Na tambayi yara, ya ce suna lafiya. Na ce wace makaranta suke, ya ce suna dai zuwa. Maƙwabcin shagonsa ya leƙo yana cewa ai ya kamata a kai baƙo ya ga sabon gida, Yaya ya katse shi da maganar wutar lantarki.

Na kasa daurewa. Idona ya cika, na ce, "Yaya, wallahi tallahi ba ni ba ne."

Ya ajiye sukuddireba a kan firjin, ya dube ni ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Na sani haka za ka ce," in ji shi. "Kai ka gaya mini da rantsuwa ake farawa, har da hawaye."

Na shanye furar don kada in wulaƙanta abincinsa. Ya rako ni bakin titi, ya tare mini keke mai ƙafa uku, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. Da muka yi nisa na waiwaya, yana nan tsaye a rana yana kallonmu. Na so in ce kewa ce, amma ni na koya masa kada ya juya ya nufi gida sai ya tabbatar mutum ya tafi.